Baba Sittin: Shafi na 23

Masu cika min waya tun asuba da "ina ci gaba, ina ci gaba", to ga shi, ku bar ni in sha ruwa. Wadda kuma ta ce in na kashe yarinyar nan za ta biyo ni har gida, na ji, ƙofata a buɗe take.

Waɗanda suka shigo yau, ga inda muka tsaya. Malama ta kai ƴarta tilo hutu gidan mahaifiyarta, Umma. Jiya da yamma kububuwa ta sari yarinyar a bayan gida, asibitin garin kuma ba su da maganin dafi. Malama ta samo kwalba huɗu a babban birni, ta zuba su a fulas ɗin ƙanƙara, ta hau jirgin safe, jirgin ya yi lattin awa uku. Likita ya ce in an wuce ƙarfe uku, shi kam ba ya ɗaukar wa kowa alkawari.

*

Jirgin bai gama tsayawa ba Malama ta miƙe, fulas rungume a ƙirji. Ita ta fara sauka, ko ta kan akwatinta ba ta bi ba. Sai dai a bakin ƙofar fita wani mai kaki ya tare ta.

"Hajiya, mene ne a ciki?"

"Magani ne. Ga takardar likita."

Ya karɓa, ya laluba aljihu ya ciro tabarau, ya goge shi da gefen riga, sannan ya fara karantawa yana bin layi da yatsa. Wallahi da ni ce a wurin da an ji mu. Minti goma cur ya ci mata, fasinjoji na wucewa ta gefenta ɗaya bayan ɗaya. Ko da ta fito, bas ɗin filin jirgi ta tashi, tasi duk an kwashe. Saura mota biyu a ƙarƙashin rumfa, wata ja sabuwa da wata tsohuwa mai ruwan toka.

Agogon wayarta ya nuna biyu saura kwata. Tsakaninta da garin kilomita saba'in.

Wani matashi ya diro daga kan jar motar yana kaɗa makulli.

"Hajiya, ina zuwa?"

"Asibitin cikin gari. Minti nawa za ka kai ni?"

"Ni? Talatin da biyar. Ba banza ake ce min Guguwa ba."

Har ta kama murfin motar, sai ta ji an daki allo da sanda.

"Kai Guguwa! Lambar wa ke sama?"

Ciyaman ɗin direbobi ne, wani kakkauran mutum zaune a kan benci, alli maƙale a kunnensa. A bayansa ga baƙin allo, an jera lambobin motoci. Jirgi ɗaya ke sauka a wannan fili a yini, saboda haka layi a wurinsu ba abin wasa ba ne. Wanda lambarsa ke sama shi ke ɗaukar fasinja, Ciyaman ya miƙa masa kati, mai gadin get ba ya ɗaga ƙarfe sai ya ga katin. Wanda ya tsallake layi, wata guda ba ya shigowa.

Guguwa ya sosa ƙeya.

"Ciyaman, asibiti za ta."

"Ko lahira za ta. Layin Baba Sittin ne."

"Don Allah Ciyaman," Malama ta ce. "Ƴata ce, maciji ya sare ta. Ga maganin a hannuna."

Fuskar mutumin ta yi laushi. Ya cire allin daga kunne yana jujjuya shi.

"Allah ya ba ta lafiya. Ni ba ni da ikon goge lamba, Hajiya, sai in mai layin ya yafe da bakinsa. Baba! Fito ga fasinja!"

Wani dattijo ya zagayo daga bayan tsohuwar motar yana goge hannu da tsumma. Siriri ne, gemunsa ya yi fari tas, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu.

Malama ta ji ƙasa ta juya da ita.

Ya tsufa, ya rame, amma ko cikin mutum dubu za ta gane shi. Shi ne direban da ya ɗauko mijinta Injiniya daga wannan gari zai kawo shi wannan fili, shekara shida da suka wuce, mota ta ƙwace a kwana. Injiniya ya rasu nan take, direba ya tashi da karayar ƙafa. A kotu ya amsa cewa gudu yake yi, aka ɗaure shi shekara biyu. Ita ce ta miƙe a gaban alƙali ta nuna shi da yatsa ta ce Allah ya isa.

Shi ma ya gane ta. Tsumman ya faɗi daga hannunsa.

"Matar Injiniya."

"Kada ka kuskura ka ambaci sunansa."

Ciyaman ya kalli wannan, ya kalli wancan, ya gane akwai magana.

"To Baba, abin ya zo da sauƙi. Ka yafe layin, Guguwa ya kai ta, gobe in sa ka a sama."

Baba Sittin ya dubi Guguwa da ke ta ɗaga ƙafa kamar an ɗora shi a kan garwashi. Ya dubi Malama. Ya sunkuya ya ɗauki tsummansa.

"Ban yafe ba."

"Baba!"

"Na ce ban yafe ba. Layina ne, ba ni kati."

Malama ta yi kansa.

"Ramuwa ce? Ramuwa za ka yi da ran yarinya? Ka kashe ubanta bai ishe ka ba?"

Baba Sittin ya buɗe ƙofar baya ya riƙe.

Ta juya wajen Guguwa.

"Kai, ka kai ni! Duk abin da za su yi maka ni zan ɗauka!"

"Hajiya, ko na ɗauke ki ba za a ɗaga min ƙarfe ba." Ya sauke murya. "Ki yi haƙuri. Shi fa ba ya wuce sittin, ko gobara ce a bayansa. Sunan ke nan."

Sittin. Kilomita saba'in. Malamar lissafi ce, ba ta buƙatar biro.

Ta danna lambar Auta, ƙaninta da ke asibiti tare da Umma. Bai ɗauka ba. Ta danna saƙon murya ta saki kuka.

"Auta, na sauka amma na maƙale a filin jirgi! Babu mota, sun hana ni mota! Ga maganin a hannuna, ban san yadda zan yi in iso ba! Ku yi wani abu, don Allah ku yi wani abu!"

Ta tura. Ta ɗago, ga dattijon nan riƙe da ƙofa har yanzu.

"Kowane minti da kika tsaya nan, kilomita ɗaya ne," ya ce.

Ta shiga. Ba don ta so ba, sai don babu wata ƙofar.

*

Mai gadi ya karɓi kati ya ɗaga ƙarfe. Suna fita Baba Sittin ya bar babban titi ya karya dama.

"Ina za ka kai ni?"

"Tsohuwar hanya. Ta fi kusa da kilomita goma sha biyu, babu manyan motoci."

Motar a share take tas, kujerun an lulluɓe su da tsohon bargo, tana ƙamshin sabulu. Malama ba ta ga ko ɗaya ba. Idonta na kan maleji, kibiyar ta hau sittin ta zauna daram.

Waya ta yi ƙara. Umma ce.

"Kina ina, ƴar nan?"

"Umma, yaya take?"

"Dasashinta ya fara jini. Ƙafar ta kumbura har cinya. Tana ta kiranki, ta ce..."

Ɗif. Ta duba, sabis ya ɗauke, sun shiga tsakanin duwatsu. Ta sake kira, ta ɗaga wayar sama, ta manna ta da gilashi. Babu ko ɗigo. Sai a lokacin ta tuna ba ta ma gaya musu ta sami mota ba.

"Ka ƙara gudu."

Shiru.

"Da kai nake! Ka ji abin da aka ce, jini take zubarwa!"

"Na ji."

"To taka motar mana!"

"A haka za mu isa, in Allah ya yarda."

"A haka? Mai keke ma zai wuce mu! Ranar da ka kashe min miji ai ka iya gudu. Yau da gudun zai yi amfani shi ne ka zama waliyyi?"

Ta ga jijiyar wuyansa ta motsa, amma kibiyar ba ta motsa ba. Ta ajiye fulas a cinya, ta kama bayan kujerarsa da hannu biyu tana jijjigawa.

"Ka yi gudu! Ka yi gudu na ce! Wallahi in ta mutu ba zan yafe maka ba duniya da lahira!"

Motar ta yi tangal-tangal, taya ta sauka gefen kwalta, tsakuwa ta yi ta dukan ƙasan mota. Fulas ya zame, da ƙyar ta cafe shi da gwiwa. Baba Sittin ya dawo da motar kan titi, yana numfashi sama-sama.

"Muryar nan ce," ya ce a hankali. "Ita ce dai, ba ta canza ba."

"Me ka ce?"

"Ba ni ke tuƙi ba ranar."

Ta saki kujerar.

"Ƙarya kake."

"Shekara shida ina yi miki ƙarya. Yau ce ranar farko da na faɗa miki gaskiya."

"A gaban alƙali ka amsa da bakinka!"

"Na amsa."

Idonsa na kan titi, bai waiwayo ba.

"Na ɗauko shi daga wurin aiki ya riga ya makara. Muna hanya kika kira. Hannunsa da takardu, sai ya sa ki a sifika. Kika ce wata uku yarinya ba ta ga ubanta ba, ya yi mata alkawari. Ya ce yana hanya. Kika sake kira. A na uku kika ce in ya rasa jirgin nan, kada ya dawo miki gida ko gobe ko jibi. Ina jin yarinya tana kuka a kusa da ke."

Kalmomin nan ba a kotu aka faɗe su ba. Malama ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ko Umma.

"Ina kan ɗari a lokacin. Ya ce in ƙara. Na ce tayar gaba ta suɗe, ba za ta ɗauka ba. Ya ce in tsaya. Na ɗauka fitsari zai yi. Sai ya zagayo ya ce in matsa, shi zai ja."

"A'a..."

"Babban mutum ne, ni direban haya. Na matsa. Wannan shi ne laifina, kuma shi na je na zauna wa shekara biyu, ban ce an zalunce ni ba."

"Don Allah ka yi shiru."

"Muna dab da kwana kika kira na huɗu. Wayar ta faɗo ƙasan ƙafarsa tana ta ƙara. Ya sunkuya zai ɗauka."

Ta toshe bakinta da mayafi.

"Ba nan take ya cika ba, yadda aka gaya miki. Na ja shi waje da karyayyar ƙafata, ya kai minti biyar a cinyata. Ya ce, 'Baba, kada ta ji. Ba za ta iya ɗauka ba, ga yarinya. Ka ce kai ne.' Na ce to. Mutum na mutuwa a hannunka, me za ka ce masa ban da to?"

Hawaye ke zubo mata, amma ko sautin kuka babu. Shekara shida tana kwana tana tashi da tsanar mutumin nan. Ita ta riƙe ta a tsaye ranar da aka kawo gawa, ita ta raka ta aiki, ita ta taya ta renon yarinya. Yanzu an zare ta lokaci ɗaya, ta rasa abin da za ta jingina da shi.

"Me ya sa... Me ya sa sai yau?"

"Don kin kama kujerata. Na ci amanar mamaci, Allah ya yafe min. Amma in na yi shiru, yanzu za mu kife, kwalaben nan su farfashe a titi, yarinya ta biyo mu." Ya ja numfashi. "Shi ya sa na hana ki Guguwa. Yaron kirki ne, amma ba ya iya ce wa fasinja a'a. Da kin ce masa taka, zai taka har ƙasa. Matarsa cikin wata bakwai gare ta."

Ita da ta ɗauka ramuwa ce. Kunya ta rufe ta, ta rasa inda za ta sa fuskarta.

"Baba."

Karo na farko ke nan da ta kira shi haka.

"Na'am."

"Ka tafi yadda ka saba. Ba zan ƙara magana ba."

Ta cika alkawari. Ta koma ta lafe a kujera. Can ta buɗe murfin fulas kaɗan don ta duba, sai ta ga ƙanƙarar ta zama ruwa, saura ƴan gutsattsari suna yawo a kan kwalaben. Ta rufe da sauri. Ta kalli agogo, biyu da minti goma sha takwas. Ta kalli maleji. Ta tura gefen mayafi a baki ta cije, har haƙoranta na ƙara, don kada kalma ta kuɓuce mata.

Duk yana kallonta ta madubi.

"Ita ce mai kukan nan a waya?"

Ta gyaɗa kai.

"Shekararta nawa yanzu?"

Ta ɗaga yatsu tara, don ba ta yarda da bakinta ba.

"Me ake ce mata a gida?"

Ta zare mayafin.

"Ƴar Baba. Shi ya sa mata."

Dattijon ya goge tafin hannunsa na dama a riga, ya goge na hagu. Ya gyara zama.

"Ɗaura bel. Ki riƙe fulas da hannu biyu. Kome kika gani kada ki yi magana."

"Baba, ba sai ka..."

"Na ce kada ki yi magana."

Ya yi bisimilla, ya canza giya.

Kibiyar ta bar sittin. Saba'in. Tamanin. Tsohuwar motar ta fara kuka, gilasai na kaɗawa. Ɗari. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga sharkaf, bakinsa na motsi da addu'a. Duk kwanar da suka tunkara sai ta ji numfashinsa ya tsaya, sai sun fita ya sake shi. Malama ta runtse ido. A ranta take roƙon Allah, kuma ba yarinyar kaɗai take roƙa wa ba.

Uku saura kwata suka shiga get ɗin asibiti.

Kafin ya gama taka birki ta ɓalle ƙofa.

"Je ki," ya ce, kansa a kan sitiyari. "Je ki, ina nan."

*

Ta bi baranda da gudu, takalmi ɗaya ya fita, ba ta tsaya ba. Ɗakin yara na ƙarshe ne, Umma ta kwatanta mata tun jiya. Gado na huɗu, jikin taga.

Ta banka ƙofa.

"Na kawo! Likita, na kawo!"

Gado na huɗu babu kowa. Zanin gadon a yamutse, da ɗigon jini a kan matashi. Robar ƙarin ruwa na rataye, bakin tiyon na ɗiga a ƙasa.

Umma na zaune a kan tabarma a gefen gadon. Tana ganin Malama ta miƙe zumbur, ta dafe ƙirji.

"Ke! Me kike yi a nan?"

"Umma, ina take? Ina Ƴar Baba?"

"Innalillahi... Ba ku haɗu ba?"

"Da wa?"

Likita ya shigo da sauri, wata nas a bayansa. Ya kalli fulas ɗin, ya kalli Malama, ya dafe kai.

"Ke ce mahaifiyarta? Na hana shi, wallahi na hana shi. Na ce motsi zai ƙara watsa dafin. Ya ture nas, ya cire mata ruwa da hannunsa."

"Wa? Wa ya cire?"

"Auta," Umma ta ce, tana kuka. "Ya saurari saƙonki, kina cewa kin maƙale, an hana ki mota. Ya kira ki ya fi sau ashirin ba ya shiga. Sai ya ce tunda magani ba zai zo ba, shi zai kai ta wajen magani. Ya ce ai ba a rasa mai yin allura a can."

"A can ina?"

Wayar da ke hannunta ta ɗau ƙara, sabis ya dawo. Sunan Auta ne a kai. Ta ɗauka.

"Yaya! Alhamdu lillahi! Ga mu a filin jirgi, a bakin rumfar tasi. Kina ta ina? Fito da maganin!"

"Auta... ina asibiti."

Tana jin hucinsa, tana jin muryar Ciyaman daga nesa yana cewa a matsa a ba yarinya iska.

"Auta, ba ta wayar. Sa mata a kunne in yi mata magana."

"Yaya..."

"Ka sa mata na ce!"

"Yaya, tun a kwanar ƙarshe nake kiranta. Ta daina amsawa."